Wa'adin Gyaran Hali A Ɗakunan Kwanan Jami'a: Wane Ne Zai Tsaya Wa Ɗalibi?

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai mazauna ɗakunan kwana)

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Da farko muna miƙa godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gaban wannan taro mai albarka. Batun da aka ɗora mana shi ne dokokin wa'adin gyaran hali, watau irin hukuncin da akan yanke wa ɗalibin da aka samu da laifi a ɗakin kwana, a ce ana sa masa ido na wani lokaci. Mun san a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka fi mu ilmi da shekaru nesa ba kusa ba, amma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muke kwana a ɗakunan nan, mu ne muke tashi a cikinsu, saboda haka muna roƙon a yi haƙuri a saurare mu har mu kai aya.

Bari mu fara da rarrabe abubuwa biyu waɗanda sababbin ɗalibai kan cuɗa su wuri guda, domin a takardun hukuma suna ɗaya suke amsawa, watau furobeshan. Na farko shi ne na karatu, wanda kan hau kan ɗalibin da makinsa ya faɗi ƙasa da ƙa'ida a ƙarshen shekara, a ba shi lokaci ya farfaɗo, in ya kāsa a sallame shi. Wannan ba shi ne a gabanmu yau ba. Na biyu shi ne na ɗa'a, wanda babu ruwansa da jarrabawa, kuma shi ne muka ga ya dace mu kira wa'adin gyaran hali. Hukuncin jami'a hawa-hawa ne kamar matakalar bene. A ƙasa akwai jan kunne da baki, sai takardar gargaɗi, sai biyan kuɗin abin da aka ɓata, sai wannan wa'adi, sai fitarwa daga ɗaki, sai korar wucin gadi ta zango ɗaya ko biyu, daga nan sai kora ta dindindin. Ke nan wa'adin yana tsakiyar matakala ne, wanda aka ajiye a kansa yana iya saukowa, yana kuma iya hawa.

Jami'o'i sun bambanta wajen tsara dokokinsu, amma laifuffukan da kan jawo wannan hukunci kusan iri ɗaya ne ko'ina. Akwai ajiye ɗan raɓe a ɗaki, watau ɗalibin da ba a ba shi gado ba, da sayar da gurbin gado, da girki da rishon lantarki ko sa hita a ɗaki, da jona waya ba bisa ƙa'ida ba, da shigar namiji gidan mata ko mace gidan maza, da hayaniya cikin dare, da faɗa, da lalata kayan jami'a. Wanda aka ɗora wa wa'adin kuwa, galibi akan hana shi tsayawa takara a ƙungiya ko wakiltar jami'a a wasanni, a sa takardar a fayil ɗinsa, a kuma shaida masa cewa ko da ƙaramin laifi ya sāke, to, ya tattara komatsansa.

Kada wani ya zaci mun tsaya nan ne domin mu ce a soke doka. Ko kusa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, balle gidan da ya tara ɗaruruwan samari ko 'yan mata daga garuruwa daban-daban, da addinai daban-daban, da tarbiyya iri-iri. Duk wanda ya taɓa ganin wayar lantarki ta yi tartsatsi a ɗakin da ke cike da katifu ya san dalilin hana hita. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa waya ko kwamfuta ana gobe jarrabawa ya san dalilin hana baƙin fuska kwana a ɗaki. Wanda kuma ya san ɓarnar da ƙungiyoyin asiri suka yi a jami'o'in ƙasar nan ba zai ce a bar kowa ya yi abin da ya ga dama ba. Doka garkuwar mai rauni ce, kuma a ɗakin kwana mai rauni shi ne ɗan aji ɗaya, da ɗan talaka, da wanda bai iya ɗaga murya ba. Abin da muke so mu duba tare shi ne, shin wannan wa'adi yana yin aikin da aka ƙirƙiro shi dominsa?

Domin amsa wannan tambaya, sai mu waiwayi asalinsa. A shekarar 1841, a birnin Boston na ƙasar Amurka, an yi wani baduku mai ɗinkin takalma ana kiransa John Augustus. Wata rana yana kotu aka gurfanar da wani mashayi wanda za a tura gidan kaso, sai ya roƙi alƙali ya ba shi mutumin a hannunsa, ya ce shi ya ɗauki lamuninsa. Alƙali ya amince, ya ba su mako 3. Da wa'adin ya cika, sai ga mutumin ya dawo a natse, ya bar shaye-shaye, har alƙali ya sallame shi da 'yar tarar da ba ta taka kara ta karya ba. Kafin rasuwar badukun nan a 1859 ya tsaya wa mutane kusan 2,000 ta wannan hanya. A 1878 jihar da Boston take ciki ta mayar da abin doka, Ingila kuma ta yi tata dokar a 1907, inda ta ɗora wa jami'in da ke sa ido nauyin ba mai laifin shawara, da taimakonsa, da jawo shi a jiki. Kalmar kanta daga Latinanci ta fito, ma'anarta gwadawa.

Mu Hausawa wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. A garuruwanmu idan yaro ya yi ɓarna aka kai maganar zauren mai unguwa, sau da yawa akan samu kawu ko maƙwabci ya miƙe ya ce a bar masa shi, in ya sāke a tuhume shi. Daga ranar idon dattijon nan yana kan yaron, ya san inda yake yini, ya san abokansa, wani lokaci ma ya kai shi wurin sana'a. Idan aka ga ya shiryu, sai maganar ta mutu, babu mai sāke tayar da ita.

To, idan muka haɗa labarin badukun Boston da na zauren mai unguwa, za mu ga abubuwa uku ne suka riƙe wannan hukunci kamar duwatsun murhu. Akwai mai tsayawa, watau mutum guda sananne wanda ya ɗauki nauyin mai laifin. Akwai wa'adi sananne, mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Akwai kuma sakamako, watau wanda ya gyaru a wanke shi. Murhu kuwa in aka zare masa dutse ɗaya, tukunya kifewa take yi.

Yanzu sai mu auna abin da ke faruwa a ɗakunan kwananmu da wannan ma'auni. Ɗalibi kan karɓi takarda daga hannun mai kula da gida cewa an ɗora masa wa'adi, shi ke nan. Daga ranar babu malamin da aka ce ya riƙa ganinsa, babu wanda zai tambaye shi abin da ya kai shi ga laifin, ko yunwa ce, ko rashin sani ne, ko miyagun abokai. Masu sa masa ido su ne masu tsaron ƙofa, su kuwa aikinsu kamawa ne, ba a ɗauke su domin tarbiyya ba. Ga dutse na farko ya tafi. Sau da yawa kuma takardar ba ta faɗin ranar ƙarewa, sai dai ta ce har sai an ga hali ya gyaru, alhali kuwa ba a faɗi wanda zai gani ba, ba a kuma faɗi abin da zai gani ba. Ga na biyu ya bi shi. Daɗin daɗawa, ko da ɗalibi ya shekara bai taka ko tururuwa ba, takardar tana nan kwance a fayil, tana jiran ranar da zai nemi gado ko shaidar kyakkyawan hali ta miƙe tsaye. Idan duk duwatsun nan uku sun tafi, abin da ya rage sunansa tarko, ko da kuwa an rubuta gyara a goshinsa.

Watakila wani ya ce, ai abin bai kai haka ba, tun da ba korar ɗalibi aka yi daga karatu ba, iyaka dai ya rasa gado. Mai wannan magana bai san darajar gado a jami'ar yau ba. Ɗalibin Zariya ya san abin da ake biya a kama ɗaki a Samaru, na Kano ya san na Danbare, haka sauran garuruwa. Bayan kuɗin haya ga kuɗin mota kullum, ga sayen ruwa, ga rashin wuta, ga fargabar dawowa daga ɗakin karatu cikin dare. Ɗan mai hali in an fitar da shi daga ɗaki, waya ɗaya zai buga gida a kama masa wani. Ɗan manomi kuwa, wanda sai da aka sayar da hatsi ko akuya kafin a haɗa masa kuɗin rajista, fitar da shi daga ɗaki da korarsa daga jami'a duk ɗaya ne. Lamarin 'yan'uwanmu mata ya fi tsanani, domin akwai iyaye da yawa waɗanda ba su yarda 'yarsu ta zo jami'a ba sai da sharaɗin za ta zauna a gidan kwanan mata, ranar da ta rasa gadon nan, ranar karatunta ya ƙare. Ashe ke nan hukunci ɗaya ne a takarda, amma nauyinsa ya danganta da aljihun uban wanda aka yanke wa.

Har ila yau, ya kamata mu tambayi kanmu inda waɗannan dokoki suka samo asali. Turawan mulkin mallaka, bisa shawarar kwamitin Asquith na 1945, sun tsara jami'o'in ƙasashen da suke mulka su zama na kwana, irin tsofaffin jami'o'in Ingila. Da aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, ɗalibai 104 ne kacal. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da waɗanda suka biyo baya a shekarun 1970 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, duk a kan wannan tsari aka gina su: jami'a ta ba ka gado, ta ba ka abinci, sa'an nan ta ce kada ka yi girki a ɗaki, kada kuma ka kwantar da kowa. A wancan zamani dokar ta yi daidai, domin wanda aka dafa wa abinci a kafteriya ba shi da hujjar kunna risho. Amma a tsakiyar shekarun 1980 aka janye abincin nan mai rahusa, yawan ɗalibai kuma ya yi ta ninkuwa, gine-gine ba su bi shi ba. Dokar tana nan yadda take, duniyar da aka yi ta dominta ta shuɗe.

Saboda haka idan an kama ɗalibi da ɗan raɓe, a tuna cewa ɗan raɓen nan ɗalibi ne wanda jami'a ta ɗauka da hannunta, ta karɓi kuɗinsa, amma ba ta da inda za ta kwantar da shi. Wanda ya raɓa shi kuwa, sau da yawa ɗan garinsu ne, ya yi abin da aka hore mu da shi tun muna yara, watau kada ka bar ɗan'uwanka ya kwana a waje. Idan an kama ɗaliba da risho, a duba ko akwai ɗakin girki mai aiki a gidan. Ba mu ce laifi ya tashi daga laifi ba, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bai kamata a auna wanda ya sayar da gadonsa domin riba da wanda ya raba katifarsa domin zumunci da mudu ɗaya ba.

Yanzu bari mu juya ga abin da dokar ƙasa ta ce, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka hukumar jami'a wuƙa da nama ne a hannunta. Dokokin da suka kafa yawancin jami'o'in tarayya sun ba Shugaban Jami'a ikon hukunta ɗalibi ta hanyoyi huɗu: ya hana shi shiga wasu harkoki ko amfani da wasu kayan jami'a, ya taƙaita masa harkokinsa, ya kore shi na wani lokaci, ko ya kore shi gaba ɗaya. Akwai abubuwa biyu a nan da muke so kowa ya riƙe. Na farko, a hanyoyi biyun farko, waɗanda a ƙarƙashinsu wa'adin gyaran hali da fitarwa daga ɗaki suke faɗawa, dokar ta ce hanin na tsawon lokacin da aka ambata ne a cikin umarnin. Ke nan wa'adin da ba shi da ranar ƙarewa bai dace da lafazin dokar kanta ba. Na biyu, damar ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa ta jami'a an ba da ita ne ga wanda aka kora kawai, na wucin gadi ko na dindindin. Wanda aka ɗora wa wa'adi, ko aka raba shi da gadonsa, dokar ba ta buɗe masa wannan ƙofa ba. Ga giɓin da muke roƙon jami'a ta cike da ƙa'idojinta na cikin gida, tun da mun riga mun nuna cewa ga ɗan talaka rasa gado kora ce.

Kotuna ma sun yi magana a kan haƙƙin ɗalibi. A watan Fabrairun 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, hukuma ta kafa kwamitin bincike, daga baya ta kori ɗalibai da dama. Ɗaliban suka tafi kotu, shari'ar da aka sani da sunan Garba da Jami'ar Maiduguri, har ta kai Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta rushe korar. Daga cikin dalilanta akwai cewa ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba, kuma mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, mutum kuwa ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. Kotun ta ƙara da cewa manyan laifuffuka irin su sa wuta aikin kotu ne. Wannan haƙƙi na a saurari mutum kafin a hukunta shi yana sashe na 33 na tsarin mulkin 1979, yau kuma yana sashe na 36 na tsarin mulkin 1999.

Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. A 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, inda aka dakatar da wani ɗalibi bayan an samu kayan da ake dangantawa da ƙungiyar asiri a ɗakinsa, Kotun Ƙoli ta goyi bayan jami'a, ta nuna cewa tana da ikon dakatar da ɗalibi kafin a kammala bincike domin kiyaye zaman lafiya. Saboda haka kada wani ya fita daga zauren nan yana cewa kotu ta ɗaure wa jami'a hannu. Abin da shari'o'in biyu suka koya mana shi ne jami'a tana da ikon hukunci, amma sai ta bi hanya.

Wannan hanya kuwa ba Bature ne ya koya mana ita ba. A cikin Suratu Sad an ba da labarin masu husuma biyu da suka shigo wa Annabi Dawuda, alaihis salam, ɗaya yana da tumaki 99, ɗaya yana da tunkiya guda. Malaman tafsiri da dama sun bayyana cewa darasin da ke ciki shi ne kada a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. A shari'ar Musulunci kuma kowa ya san wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. To, ina hujja a wurin da aka tarar da hita a ɗakin mutum 8, babu wanda ya amsa tasa ce, sai a ɗora wa dukansu wa'adi? Wannan hukuncin gayya yana koya wa ɗalibi abu ɗaya ne tak, watau gaskiyarsa ba ta da amfani, kuma yana shuka gaba tsakanin mutanen da dole su kwana ɗaki ɗaya.

Wanda yake ganin maganar gado da abinci ƙaramar magana ce, ya waiwayi tarihi. A watan Afrilun 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na kowace rana yana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na tarayya a lokacin. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Shekara 8 bayan haka, a 1986, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda suka rasu, jerin ya ratsa ta gidan kwanan mata na Amina, inda doka ta hana maza shiga. Aka hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka ƙi amincewa, magana ta yi zafi, har ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka buɗe wuta, rayuka suka salwanta. Wutar ta bazu zuwa sauran jami'o'i, gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Ba mu kawo wannan domin tsoratarwa ko fama tsohon gyambo ba. Mun kawo shi ne domin a ga cewa dokar ɗakin kwana guda ɗaya, idan babu amana tsakanin masu hukunci da waɗanda ake hukuntawa, tana iya kaiwa inda babu wanda ya yi zato. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan duk wannan bayani, ga abin da muke roƙo daga hukuma, cikin ladabi da biyayya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na ɗaya, kada a ɗora wa kowa wa'adi sai an ba shi tuhumar a rubuce, an faɗi dokar da ya karya, an ba shi kwanakin da zai shirya amsa, an kuma saurare shi shi da shaidunsa. Wanda ya kama shi ya zo a matsayin mai ba da shaida, kada ya zauna cikin masu yanke hukunci.

Na biyu, kowace takardar wa'adi ta ɗauki ranar farawa da ranar ƙarewa, ta kuma lissafa abin da aka hana da abin da ba a hana ba, cikin harshen da ɗan aji ɗaya zai fahimta.

Na uku, wanda shi ne zuciyar maganarmu, a haɗa kowane ɗalibi da ke kan wa'adi da mai tsaya masa, malami ne ko wani babba daga Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, wanda zai riƙa ganinsa lokaci-lokaci, kuma rahotonsa ne za a duba ranar da wa'adi ya cika. Ƙungiyarmu ma a shirye take ta ba da manyan ɗalibai masu natsuwa su taimaka.

Na huɗu, wanda ya cika wa'adinsa lafiya a ba shi takardar wankewa, a cire ta farko daga fayil ɗinsa, kada kuma ta hana shi gado a shekara mai zuwa.

Na biyar, a rarrabe laifin da ke barazana ga rai da dukiya, kamar riƙe makami ko sata ko duka, da laifin da ƙunci ya haifar. Na farkon a tsananta, in ya kai na kotu a kai kotu. Na biyun a fara da gargaɗi, a kuma nemi maganin tushensa, ta hanyar gyara ɗakunan girki da yi wa 'yan raɓe rajista a san da zamansu.

Na shida, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ga wanda aka ɗora wa wa'adi ko aka fitar daga ɗaki, kada a fitar da shi sai an saurari ƙararsa, sai fa in zamansa haɗari ne ga sauran jama'a. A kuma sa wakilin ɗalibai a cikin kwamitin, mace a shari'ar mata.

Mu ma 'yan'uwa ɗalibai akwai namu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nawa ne daga cikinmu suka karanta littafin jagoran ɗalibi da aka raba mana ranar rantsuwar kama karatu? Mun sa hannu mun yi alkawarin bin abin da ke cikinsa, rashin karantawa kuwa ba ya zama uzuri. Mu daina sayar da gado, domin mai yin haka jinin ɗan'uwansa yake sha, kuma shi yake ba hukuma hujjar tsananta wa kowa. Mu daina ɓoye ɓarawo ko ɗan ƙungiyar asiri da sunan zumunci. Idan an ba ɗayanmu takardar tuhuma, ya amsa a rubuce cikin ladabi, ya ajiye kwafi, kada ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba, ya kuma garzayo ofishin ƙungiya tun kafin zaman kwamiti. Fasa gilashi da ƙona taya ba su taɓa wanke kowa ba, iyaka a rufe makaranta a ɗora wa iyayenmu kuɗin gyara. Wanda kuma aka ɗora wa wa'adi bisa gaskiya, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya gyara, mu kuma kada mu mayar da shi abin nuni da baki. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shugaban taro, ranar yaye ɗalibai akan shelanta cewa an same su sun cancanta ta fuskar hali da ta fuskar ilmi, har ma hali ake fara ambata. Ilmi dai mun san inda ake koyar da shi, akwai azuzuwa, akwai malamai, akwai jarrabawa, wanda ya faɗi ma akan ba shi dama ya sāke. Hali kuwa babban ajinsa shi ne ɗakin kwana, inda mutum ke koyon haƙuri da wanda bai zaɓa ba, da riƙon amana, da sanin haƙƙin maƙwabci. Abin da muke nema shi ne wannan aji ma a sa masa malami, wanda ya faɗi a cikinsa a ba shi hanyar tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa har yanzu ɗanyu ne, shi ya sa iyayenmu suka danƙa mu a hannunku.

Muna roƙon Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya ba su ikon yin adalci, ya shirye mu, ya kare mu daga abin da zai zubar da mutuncinmu da na iyayenmu, ya sa mu gama karatu lafiya mu amfani ƙasarmu.